Kafaɗar Malami da Saman Allo: Haɗa Nauyin Jiki da Ɗaga Ƙarfe

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu

 

Mun sani sarai cewa in aka tara malamai a zaure irin wannan, abin da kunne ke jira shi ne maganar ƙarin girma da kuɗin hutu da ranar shigowar albashi. Waɗannan suna nan tafe, sakatare zai yi bayaninsu bayan mun zauna. Mu an ba mu ɗan lokaci ne mu yi magana a kan wani jari da ba a rubuta shi a takardar albashi, amma in ya karye albashin ma ba ya daɗin ci, wato kafaɗar malami da hannunsa da gadon bayansa.

Abin da ya jawo wannan magana ya faru ne a makarantarmu shekara biyu da suka wuce. Akwai wani babban yayanmu, malamin aji biyar, mai kyakkyawan rubutu, wanda tun muna sababbin ɗauka muke leƙa ajinsa don mu ga yadda yake tsara allo. Sai muka lura rubutunsa ya fara saukowa. Da farko ya daina kaiwa can saman allon, daga baya ya koma farawa daga tsakiya, har ta kai kwanan wata ma sai ya kira wani dogon yaro ya rubuta masa. Yaran da ke bayan aji suka shiga miƙewa tsaye don su hango abin da ke ƙasa, kawunan na gaba sun tare musu. Da muka matsa masa da tambaya, ya ce kafaɗarsa ta dama ce ta ƙi ɗaguwa, ko babbar riga sai an taimaka masa yake sawa. Ya sha man zafi, ya sha maganin kashe ciwo, har tsaga an yi masa. A ƙarshe dai sashen gashin ƙashi na asibiti ya je, kuma abin da ya dawo da shi ya ba mu mamaki: wata igiyar roba ce mai talewa da takarda ɗauke da zanen motsa jiki. Wata huɗu ya yi yana jan robar nan kafin rubutunsa ya koma saman allo. Daga nan ne mu shida a makarantar muka yanke shawarar kada mu jira sai tamu kafaɗar ta tsaya, kuma abin da za mu faɗa yau daga abin da muka karanta ne da abin da muka gwada a jikinmu.

A shekarar 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai a Najeriya zuwa shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 ana aiki. Mun yi murna, kuma muna fatan duk inda ba a fara aiki da ita ba a fara. Sai dai dokar shekaru ta ƙara mana, ba ta ƙara mana tsoka ba. Masana lafiya sun daɗe da tabbatar da cewa daga wajen shekara 30 tsokar ɗan Adam take fara raguwa, da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Wanda ba ya sa tsokarsa aiki mai nauyi shi ya fi saurin rasa ta. To mu dubi aikinmu. Hannu ɗaya a sama yana rubutu, sa'o'i a sunkuye kan littattafan yara sittin ko tamanin, sannan a hau babur a koma gida kafaɗu a dunƙule. Gajiya muna sha, amma gajiya daban, ƙarfafa tsoka daban.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ba ta tsaya ga tafiya da gudu kaɗai ba. Bayan minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ta ce kowane baligi ya riƙa yin aikin ƙarfafa manyan tsokokin jiki aƙalla kwana biyu a mako. Akwai kuma wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2015, wanda ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka auna ƙarfin damƙar hannunsu. An gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin ɗari a tsawon lokacin binciken. Kada a ɗauka cewa damƙar ce ke tsawaita rai, rai a hannun Allah yake. Damƙa alama ce kawai ta yadda sauran jiki yake, kamar yadda rubutun yaro ke nuna mana ko ana duba littafinsa a gida.

Idan aka zo maganar yadda za a yi, mun tarar malamai sun kasu gida biyu. Ƙannenmu sababbin ɗauka suna ganin in ba a je gidan motsa jiki an kwanta a benci an ɗaga ƙarfe ba, wasa ake yi. Yayyenmu kuma suna cewa su da suke noma me za a gaya musu, in ma an matsa, turin ƙasa goma da asuba ya wadatar. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Noma aiki ne na gaske, amma na damina ne, wata huɗu ko biyar, kuma yawancinsa a sunkuye ake yin sa. Sauran watannin fa? Ra'ayinmu, bayan shekara biyu muna gwadawa, shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Motsa jiki da nauyin jikinka da ɗaga wani nauyi na waje kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa, kuma ga dalili.

Mu fara da turin ƙasa, wato mutum ya kifa, tafukansa da yatsun ƙafarsa a ƙasa, jikinsa a miƙe kamar tabarya, ya sauke ƙirjinsa ya sake turo kansa sama. An auna an ga cewa a wannan yanayi hannuwa suna ɗauke da kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin mutum, in kuma ya sa gwiwoyinsa a ƙasa, kimanin rabi. Ke nan malami mai kilo 75 da ke turin ƙasa yana tura abin da ya kusa buhun siminti, ba tare da ya sayi komai ba. Yana aiki a ƙirji da gaban kafaɗa da bayan damtse. Yana da wata fa'ida kuma da kwanciya a benci ba ta da ita: allon kafaɗa yana samun sakewa ya zame gaba ya dawo baya, tsokar da ke manne shi da haƙarƙari tana aiki, kuma ita ce ke taimakawa wajen juya allon in za a ɗaga hannu sama da kai. Ciki da ƙugu su ma dole su ɗaure don kada baya ya lotsa. Wannan duk riba ce ga mai rubutu a allo.

To ina aibinsa? Nauyin jikinka ba ya ƙaruwa don ka yi ƙarfi. Ranar da ka kai turi talatin ko arba'in a jere, juriya kake ƙarawa, ƙarfin kuwa ya kusa tsayawa. Ana iya ƙara wahalarsa ta ɗora ƙafafu a kan benci, ko rage saurin sauka, amma matakan suna da faɗi, wani lokaci daga mai sauƙi ƙwarai sai ka faɗa wanda ya fi ƙarfinka. A ɗaya gefen kuma, ratayuwa a ƙarfe ka ja kanka sama har haɓa ta wuce shi yana neman ka ɗaga nauyinka gaba ɗaya tun ranar farko. Cikinmu mu shida, mutum ɗaya ne ya iya yin ko guda a makon farko, sauranmu lilo kawai muka yi a turken ragar ƙwallo, yara suna leƙe ta taga suna dariya.

A nan ne nauyin waje yake shigowa, domin shi ana iya auna shi, a ƙara shi kaɗan-kaɗan. Wannan ƙa'ida ta ƙara nauyi sannu a hankali ita ce ginshiƙin abin duka. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya tsara ta a fagen jinya a wajen 1945, lokacin da yake kula da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ga cewa in aka ba tsoka nauyin da za ta iya ɗagawa kamar sau goma, aka riƙa ƙarawa yayin da ta saba, tana farfaɗowa fiye da yadda ake zato. Abin lura, a ɗakin marasa lafiya aka gyara wannan hanya, ba a dandalin masu nuna ƙwanji ba. Mu malamai ma ba baƙuwarmu ba ce. Ba ma ba ɗan aji ɗaya lissafin aji shida, kuma ba ma barin sa yana maimaita ɗaya da ɗaya har shekara ta ƙare.

Kada kalmar ƙarfe ta tsorata kowa saboda tsada. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarkar man gyaɗa mai lita 5 in an cika ta da ruwa kilo 5 ce, babbar jarka mai lita 25 kuwa ta ishi mai ƙarfin cikinmu, kuma kana iya ƙara rabin lita duk mako, abin da ko a gidan motsa jiki ba kullum ake samu ba. Jakar goyo cike da tsofaffin littattafai, in aka goya ta aka yi turin ƙasa, ta haɗa hanyoyin biyu wuri guda. Masu zuba siminti a gwangwanin fenti su soka bututun ƙarfe, muna roƙonsu su kai wa mai sayar da hatsi ya ɗora kowane gefe a sikeli. Ɗaya daga cikinmu ya yi wata biyu yana ɗaga irin wannan, wuyansa na ciwo, ashe gefe guda ya fi ɗaya da kusan kilo biyu.

Da nauyin waje muke yin abubuwa uku da nauyin jiki ba ya yi mana da sauƙi. Na farko muna kiransa jan guga: ka dafa benci da hannu ɗaya, baya a miƙe, ka jawo jarka daga ƙasa zuwa kwiɓinka da ɗaya hannun, kana matse allon kafaɗa zuwa tsakiyar baya. In da za a ce mu zaɓi motsi ɗaya tak ga malami, wannan za mu zaɓa, domin duk aikinmu a gaba yake, rubutu da maki da riƙe kan babur, tsokokin baya kuwa sun zama marayu. Shawararmu ita ce yawan ja kada ya gaza yawan turi. Na biyu shi ne ɗaga nauyi daga kafaɗa zuwa sama da kai a tsaye, kamar mai aza kaya a kan amalanke mai tudu. A fara shi da nauyi kaɗan ƙwarai, don nan ne kafaɗa ta fi rauni. Na uku ɗaukar 'yan garuwa, jarka a kowane hannu, a yi tafiya taku talatin ko arba'in a miƙe ba tare da karkata ba. Shi ne ke gina damƙa.

Tsarinmu ba shi da wani sirri. Kwana biyu a mako, Talata da yamma da Asabar da safe, minti talatin zuwa arba'in. Muna barin aƙalla kwana biyu tsakani, saboda tsoka a lokacin hutu take ginuwa. Muna fara da minti biyar na ɗumama jiki, tafiya da sauri da jujjuya kafaɗu. Sai mu yi abin da ya fi nauyi tun da sauran ƙarfi, wato ɗagawa sama da jan guga, kowanne zagaye biyu ko uku, kowane zagaye sau 8 zuwa 12, da hutun minti ɗaya ko biyu. Bayan nan turin ƙasa, kowa a matakinsa: wani a jikin bango, wani ya dafa teburin malami, wani a ƙasa, wani da jaka a baya. Sai rataya a turke. Wanda bai iya hawa ba ya taka benci ya fara daga sama, ya riƙa saukowa a hankali yana ƙirga biyar. Ta wannan saukowar ce huɗu daga cikinmu suka samu hawansu na farko. Mu rufe da ɗaukar 'yan garuwa. Duk wanda ya kai 12 a kowane zagaye sau biyu a jere ba tare da jikinsa ya karkace ba, sai ya ƙara nauyi kaɗan, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Muna da rajista, irin ta kiran suna, inda kowa ke rubuta abin da ya ɗaga. Wanda ba ya rubutawa yaudarar kansa yake yi, wannan mun gani da idonmu. Kuma ko da yake maganarmu ta yau a kan saman jiki ce, ba ma tashi sai mun yi tsuguno da miƙewa, don ƙafa ce ke ɗauke da sauran.

A makonnin farko za ku ji ƙarfi ya ƙaru alhali madubi bai nuna komai ba. Ba ruɗi ba ne. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon yadda za su tara tsoka ta yi aiki tare. Girman tsokar kansa sai an yi kamar wata biyu ake fara ganinsa.

Yanzu ga gargaɗi, kuma muna roƙon a saurare shi fiye da duk abin da ya gabata. Da yawanmu da suka haura arba'in suna da hawan jini, wasu ba su ma sani ba. Kafin ka taɓa jarka, je a auna ka. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ciwon zuciya, da mai ƙaba, da wadda ke da juna biyu ko ba ta daɗe da haihuwa ba, su nemi shawarar likita tukuna. Kada a riƙe numfashi ana yunƙuri, domin hakan yana sa jini ya hau nan take. A fitar da iska lokacin turawa ko ja, a shaƙa lokacin komawa. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan motsa jiki ba abin damuwa ba ne, yana wucewa. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, ko jiri, ko nauyi a ƙirji, wannan umarnin tsayawa ne. Wanda kafaɗarsa ta riga ta fara ciwo kada ya ɗauki tsarinmu ya yi wa kansa magani, ya bi sawun yayanmu zuwa asibiti. Ƙannenmu kuma, ku yi nesa da allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake tallatawa a wasu wuraren ɗaga ƙarfe, da tiramadol da ake sha wai don kada a ji gajiya. Na farkon suna lalata hanta da zuciya suna kuma rage haihuwa, na biyun kuwa duk mun ga yadda ya mayar da samarin unguwanninmu.

'Yan'uwanmu mata, wannan magana taku ce, wataƙila ma fiye da tamu. Iyayenmu da suka yi daka da surfe da jan ruwa a rijiya sun samu wannan horo ba tare da sun kira shi da wani suna ba. Injin niƙa da famfo sun sauƙaƙa rayuwa, mun gode Allah, amma sun tafi da wancan aikin. Ƙashin mace yana saurin yin rauni bayan ɗaukewar al'ada, kuma ɗaukar nauyi na daga cikin abubuwan da ke rage wannan asara. Tsoron kada damtse ya koma na ɗan dambe ba shi da tushe, jikin mace ba ya gina tsoka ta wannan hanya da jarkar lita biyar. Ba kuma sai an fita fili ba. Bango da gefen gado da jarka biyu a tsakar gida sun isa. Malamai mata biyu a makarantarmu tare suke yi a gidan ɗayarsu.

Abinci ba sai na gwangwani mai tsada ba. Wake da ƙosai da alala da awara da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono da ƙwai da kifi, duk suna ba tsoka abin gini, a dai samu ɗaya daga ciki a kowane cin abinci. A watan azumi muna rage zagaye mu mayar da lokacin bayan buɗa baki, ba ma dainawa ɗungurungum.

Akwai wani laifi namu da ya kamata mu amsa a gaban juna. Mu ne muka mayar da motsa jiki horo. Yaro ya makara, tsallen kwaɗo. Bai yi aikin gida ba, gwale-gwale a rana. Sannan mu yi mamakin yadda ya girma yana ƙin duk abin da ya shafi motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar minti 60 na motsa jiki a kullum, da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Darasin wasanni yana cikin jadawalinmu, amma sau nawa muke cinye shi da lissafi in jarrabawa ta matso? Tun da yara suka fara ganinmu a turke ranar Asabar, su da kansu suke zuwa su rataya, har wata yarinya 'yar aji huɗu ta hau sau uku a gaban mataimakin hedimasta, wanda har yau yana kan na farko. Ga yaran firamare nauyin jikinsu da wasa sun wadatar, hawa da rataya da rarrafe da langa, ba ma ba su jarka.

Mun nemi izinin shugaban reshe, ya kuma amince, cewa daga Asabar ta farko bayan komawa hutu, duk malamin da ke so ya same mu a filin makarantarmu da ƙarfe bakwai na safe. Ya zo da jarka biyu masu lita 5, da tsohon littafin rubutu na rajista, da sakamakon awon jininsa na kwanan nan. Wanda bai zo da wannan na ƙarshe ba zai zauna a inuwa ya yi mana ƙirga. Malamai mata masu sha'awa su ba da sunayensu ga shugabar mata ta reshe, za a tsara musu wuri da lokaci nasu. Yayanmu mai aji biyar ya ce shi zai riƙa nuna motsin igiyar roba na ɗumama kafaɗa, tunda ya fi mu saninsa.